Damisar ruwa: yadda ake ƙera ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, da abin da gudun yake ci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurari murya ba.

Yau ruwa za mu shiga. Na san wani zai ce, kai ɗan Dauran, ina kai ina jirgin ruwa? Gulbin Bunsuru da na Gagare ai da rani yara ke buga ƙwallo cikin yashinsu. Haka ne. Amma ku ba ni minti goma sha biyar. Tambayar da nake son mu bi ita ce: me ya sa ƙaramin abu mai gudu yake iya wahalar da ƙato mai sulke, kuma me yake kashe shi wannan ƙaramin? Sojojin ruwa na duniya sun shafe sama da shekara ɗari suna fama da wannan tambaya, da jininsu da kuɗinsu. Duk wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Zurmi ya san mu ma tambayarmu ce.

To, asalin abin daga makami ya faro. A 1866 wani injiniya Bature ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya ƙera topido. Topido wani dogon ƙarfe ne kamar gungumen icce, da inji a cikinsa da nakiya a kansa, ana sakin shi ya yi tafiya ƙarƙashin ruwa da kansa ya je ya fasa jirgi daga ƙasa, inda sulke bai da kauri. Kafin nan, in kana son nutsar da babban jirgi sai ka zo da babbar igwa, babbar igwa kuwa sai babban jirgi ke iya ɗaukarta. Da topido ya fito sai lissafi ya juye. Kwale-kwale ma zai iya ɗaukar guda biyu. Abin da ya rage kawai shi ne ya iso kusa kafin a gan shi, ya saki, ya gudu.

Ku ji abin da ya faru ranar 10 ga Yuni, 1918, a tekun Adiriyatik, lokacin yaƙin duniya na farko. Wani hafsan Italiya, Luigi Rizzo, yana dawowa daga sintiri da asuba cikin wani ɗan jirgi da ake kira MAS-15. Tsawonsa mita 16 ne, mutum takwas ne a ciki, na katako. Sai ya hango hayaƙi. Ashe Szent István ne, jirgin yaƙin daular Ostiriya da Hangari, tsawonsa ya haura mita 150, nauyinsa tan dubu ashirin, da sojoji sama da dubu ɗaya, ga jiragen rakiya kewaye da shi. Rizzo ya silale ta tsakanin masu rakiyar, ya saki topido biyu, ya juya. Bayan 'yan awoyi ƙaton nan ya kife, mutum 89 suka mutu. An ɗauki fim ɗin kifewarsa daga wani jirgi da ke kusa, yana nan a YouTube, ku nema ku gani. Har yau 10 ga Yuni ita ce ranar sojojin ruwan Italiya.

Yanzu mu zo kan ƙira, don nan ne zancen yake da daɗi.

Jirgi na yau da kullum ture ruwa yake yi, kamar yadda garma ke tsaga ƙasa. Irin wannan akwai iyakar gudun da tsawonsa zai bar shi ya yi, ko nawa ka ƙara masa inji, sai dai ya yi ta tara igiyar ruwa a gabansa yana shan mai a banza. Masu ƙira suka ce to bari mu fitar da shi daga cikin ruwan. Kun san yadda yaro ke wurga tsingaro a kan tafki ya riƙa tsalle yana shafar saman ruwa? Shi ke nan dabarar. A yi ƙasan jirgi da faɗi ta baya, da ɗan kaifi ta gaba, a sa masa injin da ya fi ƙarfin jikinsa. In ya ɗauki wuta sai goshinsa ya tashi, ya hau saman ruwa yana sulɓi. Amma sharaɗin shi ne kada ya yi nauyi. Nan ne cinikin yake: duk kilo ɗaya na sulke da ka ɗora, ka rage gudu. Don haka aka cire sulken gaba ɗaya.

Amurkawa a yaƙin duniya na biyu sun bi wannan hanya har ƙarshenta da jiragensu da ake kira PT. Wanda kamfanin Elco ya yi, tsawonsa mita 24 ne. Jikinsa katakon mahogani ne falle biyu, da ƙyalle mai gam a tsakani. Injin Packard guda uku, kowanne mai silinda 12, dangin injin jirgin sama. Gudunsa ya kai kilomita 75 a awa. Wani zai ce ai Golf ɗin da ke jigilar Ƙaura zuwa Gusau ta fi haka. E, a kan kwalta. A kan teku wannan gudu ne na tashin hankali. To amma man da yake sha fetur ne irin na jirgin sama, lita dubu goma sha ɗaya a tanki, kuma in aka taka shi iya ƙarfi awa shida da 'yan mintoci ya shanye. Ku yi tunani: gidan katako, cike da fetur, da nakiya a gefe da gefe, da samari goma sha wani abu zaune a kai. Harsashi ɗaya mai wuta ya isa.

Jamusawa kuma suka bi wata hanya dabam, kuma ni a ganina su suka fi tunani. Ruwan da za su yi yaƙi a ciki shi ne Tekun Arewa da mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, ruwa mai sanyi da manyan igiyoyi. Jirgi mai faffaɗan ƙasa in ya shiga irin wannan ruwa da gudu sai ya yi ta dukan igiya kamar ana sassabe, mutanen ciki su galabaita, dole ya rage wuta. Saboda haka kamfanin Lürssen da ke kusa da Biremen ya yi nasa dogo, siriri, mai zagayayyen ciki, mita 35, yana yanka igiya maimakon ya hau ta. Abin dariya, asalin zanen na jirgin shaƙatawa ne da suka yi wa wani attajirin banki na Amurka, Otto Kahn, a 1927. Sannan suka sa injin dizal na Daimler-Benz guda uku. Dizal bai kama wuta da sauri kamar fetur, kuma yana kai ka nesa: wannan jirgi yana iya yin sama da kilomita dubu bai sha mai ba. Ku riƙe sunan Lürssen, zai dawo, har da sunan Hausa.

Ɓarnar da suka yi ba kaɗan ba ce. Daren 28 ga Afrilu, 1944, guda tara daga cikinsu suka faɗa wa ayarin jiragen Amurka da ke atisayen shiga Faransa a gaɓar kudancin Ingila. Suka nutsar da manyan jiragen dakon sojoji biyu, suka koma gida lafiya lau. Sojojin Amurka sama da 700 suka mutu a atisayen nan.

To ina rauninsu?

Mu koma kan PT, mu ɗauki wanda ya fi kowanne suna, PT-109, wanda John Kennedy ya tuƙa kafin ya zama shugaban Amurka. Daren 1 ga Agusta wayewar 2 ga wata, 1943, a tsibiran Solomon. Jiragen PT goma sha biyar aka tura su tare hanyar jiragen Japan. Sun harba topido kusan 30, ko ɗaya bai samu ba. Shi Kennedy yana tafiya a hankali da inji ɗaya tak, saboda in ka yi gudu da dare kumfar da kake bari a baya tana haske, jirgin saman abokan gaba ya gan ka. Ba shi da na'urar rada. Cikin duhu sai ga wani jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri a kansu. Kafin su tada sauran injinan ya bi ta kansu ya raba jirgin. Mutum biyu suka mutu nan take, sha ɗaya suka yi iyo zuwa wani ɗan tsibiri.

Ku lura da kyau. Jirgin da bai da wata kariya sai gudu, an kama shi lokacin da ba ya gudu. Kuma wa ya cece su? Wasu samari biyu 'yan tsibirin, Biuku Gasa da Eroni Kumana, cikin kwale-kwalen icce irin wanda ake sassaƙawa da gizago. Kennedy ya kankare saƙo a jikin ɓawon kwakwa, su suka kai shi sansani ta ruwan da Japanawa ke sintiri. Injin Packard uku sun tafi ƙasan teku, filafilin ɗan gari ya kai labari.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. An yi PT ne don ya kashe manyan jirage, amma aikin da ya fi yi a ƙarshe wani ne dabam. Japanawa sun koma kai abinci da sojoji da ƙananan jiragen dako marasa zurfi, suna bin gaɓa da dare. Topido ta ƙarƙashinsu yake wucewa, bai taɓa su. Sai samarin da ke cikin PT suka fara ɗora bindigogi, duk wadda suka samu, har igwar da aka ciro daga jirgin sama da ya lalace. Wasu ma aka sauke topidon gaba ɗaya. Wato masu zane a ofis sun yi jirgi don yaƙin da suke tsammani, yaƙin da ya zo kuma ya tilasta a sake shi a bakin ruwa.

Manyan rundunoni ba su zauna ba. Tun 1893 Ingila ta ƙaddamar da Havock, jirgi matsakaici mai gudu da bindigogi masu saurin harbi, aikinsa kawai farautar jiragen topido. Wannan jirgin da kuke ji ana kira distiroya a labarai, asalin sunansa ke nan, mai hallaka jiragen topido. Ba su ce bari mu ƙara wa ƙato sulke kawai ba, sun nemo wanda zai iya bin ƙaramin a guje. Hanya ta biyu ita ce a bi shi gida. Ƙaramin jirgi ba ya kwana a teku, dole ya koma tasha ya sha mai, a gyara inji, a ɗora makami. Ranar 14 ga Yuni, 1944, jiragen saman Ingila suka yi ruwan bama-bamai a tashar Le Havre ta Faransa, suka lalata jiragen nan na Jamus sama da goma suna ɗaure a bakin gaɓa. Abin da aka kasa yi musu a teku cikin watanni, aka yi shi a dare ɗaya.

Bayan yaƙi sai makami mai linzami ya maye gurbin topido. Ranar 21 ga Oktoba, 1967, ƙananan jiragen Masar ƙirar Tarayyar Sobiyet, daga bakin tashar Port Said, suka harba wa distiroyar Isra'ila mai suna Eilat makamai masu linzami suka nutsar da ita, mutum 47 suka mutu. Daga ranar kowace ƙasa mai ƙaramin aljihu ta ce ita ma irin wannan take so.

Har da mu. Wajen 1981, zamanin Shagari, Najeriya ta karɓi irin waɗannan jirage guda shida. Uku daga Faransa masu ɗauke da Exocet. Uku kuma daga Jamus, daga wannan kamfani dai na Lürssen, masu ɗauke da Otomat. Sunayen na Jamus ɗin: Ekpe, Agu, da Damisa. Dabba ɗaya ce, da harshen Efik, da Ibo, da Hausa. NNS Damisa, mita 58, injin dizal huɗu. Wallahi sunan ya dace, don damisa ba ta kokawa da giwa, laɓewa take ta yi tsalle ɗaya.

Sai dai Najeriya ba ta taɓa shiga irin yaƙin da aka sayi Damisa dominsa ba. Babu wata rundunar ƙasar waje da ta zo gaɓar Legas muka yi musayar makamai masu linzami da ita. Yaƙin ruwan da ya same mu ya zo ne a rafukan Neja Delta, sannan a Tafkin Chadi. Shi kuwa Damisa yana buƙatar zurfin kusan mita uku kafin ya motsa.

Tafkin Chadi nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, don Hausawa masunta da 'yan kasuwar banda sun cika Baga da Doron Baga da tsibiran ciki shekaru aru-aru, daga Kabi, daga Sakkwato, daga nan Zamfara. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Farin shekarun 1970 da 1980 ya cinye kusan kashi tara cikin goma. Abin da ya rage, musamman ɓangarenmu, fadama ce mai ɗaruruwan tsibirai, ruwa marar zurfi, da ciyawa irin su kacalla da ta fi mutum tsawo, da 'yan siraran hanyoyi a tsakani waɗanda sai ɗan wurin ya san inda suka fita. A irin wannan ruwa jirgin yaƙi shi ne jirgin masunci na katako da aka ɗaura wa injin Yamaha a baya da babbar bindiga a gaba. Da irinsa 'yan Boko Haram da ISWAP ke yawo. A ƙarshen Disamban 2018 sun mamaye Baga, har da sansanin sojojin ruwa. Ranar 23 ga Maris, 2020, suka auka wa sansanin sojojin Chadi a Bohoma, wurin da ruwa da fadama suka kusan kewaye, suka kashe sama da 90. Idriss Déby da kansa ya je wurin, ya ce bai taɓa rasa sojoji masu yawa haka a rana ɗaya ba.

Rundunar ruwanmu ta fara juyowa, a ba ta haƙƙinta. A 2016 ta ƙaddamar da ƙananan jiragen bindiga 30 da kamfanin Epenal ya ƙera a Fatakwal, 'yan mita takwas da ɗoriya, masu injin waje. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da NNS Karaduwa, wanda aka ƙera a Legas, aka sa masa sunan gulbin nan na Katsina, ko da yake shi na sintirin teku ne. Injin waje yana da hikima a tafki: in ka shiga wuri marar zurfi sai ka ɗaga shi, in ciyawa ta naɗe farfela sai ka sa hannu ka warware, in ya mutu mutum biyu su ciro shi a ɗaura wani. Kuma makanikin Baga ya san cikinsa. Amma matsalar Kennedy tana nan ba ta je ko'ina ba. A siririyar hanya cikin ciyawa ba ka iya gudu. Jirgin faiba kuma ba ya tare harsashin babbar bindiga. In ka lulluɓe shi da ƙarfe ya nutse ya kama laka. Shi ya sa a tafkin nan share ciyawa a buɗe hanya aikin yaƙi ne sosai, kuma masuncin da ya san wace hanya ce ke da ruwa a wannan watan ya fi ƙarin inji amfani. Shi kuma masuncin yana tsakanin wuta biyu: can ana karɓar haraji a hannunsa da bindiga, nan ana zarginsa da kai musu kifi da mai.

To 'yan uwa, na san tun ɗazu wasunku sun riga ni isowa gida. Ƙarami, mai gudu, marar sulke, mutum biyu ko uku a kai da bindiga, yana fitowa daga inda ba a gani, ya buga ya koma. Mashin ke nan. Dajin Dumburum shi ne tsibiransu, damina in dawa ta yi tsawo ita ce kacallarsu. Motar sulke kuma ita ce ƙaton jirgi: tana da ƙarfi a kan kwalta, amma in Bunsuru ya kawo ruwa ko ta faɗa laka, sai kallo.

Mun ga an gwada dabarar bin su gida. A ƙarshen Agusta da farkon Satumban 2021, gwamnatin Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita hawan mashin, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. A lissafin yaƙi tunanin daidai ne, mashin ba ya tafiya sai da fetur, kamar PT. Amma ga inda kwatancen ya karye, kuma ina so matasa mu riƙe wannan in muna muhawara. Jirgin Jamus ba ya kama da jirgin kowa, tasharsa kuma sananniya ce. Mashin ɗin ɗan bindiga kuwa irinsa ne ɗan acaɓa ke ci da iyali da shi, irinsa ne ke kai mai naƙuda asibitin Zurmi, jarkar nan kuma ita ce ta mai injin ban ruwa da mai injin niƙa. Ka rufe mai, ɗan bindiga yana da kuɗin fansa da zai saya ko nawa ne ta bayan fage, manomi ba shi da shi. Ka katse waya, ka katse mai kai musu rahoto, ka kuma katse wanda zai kira ya ce ga su nan sun fito. Wato ka nutsar da kwale-kwalen su Biuku Gasa da hannunka.

Ni abin da nake so mu riƙa tambaya duk lokacin da aka jera sabbin kayan tsaro a gidan gwamnati ana ɗaukar hoto shi ne irin tambayar da Lürssen suka yi kafin su ja layi ɗaya a takarda: a wane ruwa za a yi yaƙin? Wannan motar tana ƙetare gulbi a watan Agusta? In ta lalace a Dauran, akwai mai gyara ta a Ƙaura, ko sai an jira wani daga Abuja? Wa ke zuba mata mai bayan an gama biki? Sojojin ƙasa sun kafa bataliyar mashin a Borno tun 2016, Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 su ma da mashina suke aiki. Wannan shi ne tunanin Havock, a bi mai gudu da mai gudu. Sai dai Havock ya fi abin da yake farauta bindiga, ya fi shi juriya, kuma akwai babbar runduna a bayansa. In ka ɗora yaro a mashin da bindigar da ba ta kai ta wanda zai tara ba, babu rediyo, babu wanda zai kawo masa ɗauki, ka cire masa sulke ne ba ka ba shi komai a madadinsa ba.

A teku kuwa abin ya riga ya wuce nan. A farkon Fabrairun 2024 Yukiren ta nutsar da jirgin Rasha mai makamai masu linzami, Ivanovets, a Kirimiya, da wasu 'yan jirage masu suna Magura, kowanne bai kai mita shida ba, cike da nakiya, babu kowa a ciki, ana tuƙa su daga nesa ta tauraron ɗan adam. Shi Ivanovets ɗin jikan jiragen da suka kashe Eilat ne, sa'an Damisa a girma. Masu ƙira sun cire sulke, sun cire ɗakin kwana, yanzu sun cire mutumin ma. ISWAP kuma tuni ta fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa na sama a yankin tafkin, kuma a kan wannan za mu zauna mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Wanda ke da ɗan uwa da ya yi su ko fataucin banda a Baga, don Allah ya tambayar mana shi irin jirgin da suke shiga da irin injin da ke kai, ya turo mana, zan karanta a shiri na gaba. Allah ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya. Sai mun haɗu.